Maganar da Ka Yi a Lasifika Ta Hana Yayata Komawa Ɗakinta

Zuwa ga Jami'in Wayar da Kan Jama'a,
Ƙaramin Asibitin Unguwarmu,
Tamale.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da abokan aikinka, ina roƙon ka yi haƙuri da tsawon wannan takarda. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma a Moshi Zongo aka haife ni. Ba ka san ni ba. Ni kuwa na san muryarka kamar yadda kowa a unguwarmu ya san ta, domin duk ranar Laraba bayan sallar asuba kai ne kake magana a lasifikar da ke kan dogon ƙarfe kusa da masallaci, da Dagbanci sannan da Hausa. Na taɓa zuwa har bakin ofishinka, na tsaya, na juyo gida. Ba zan iya buɗe baki in faɗi sunan wannan ciwo a gaban babban mutum namiji ba. Sai daga baya na ga cewa tunda a bainar jama'a ka yi maganar, a bainar jama'a ya kamata a gyara ta.

Zancen na yayata ne. Ba zan ambaci sunanta ba, Yaya kawai zan riƙa cewa. Na karanta mata takardar nan tun daga farko har ƙarshe kafin in fitar da ita, na ce in ba ta so sai in yage. Ta ce: “Me ya rage a ɓoye? Masu sayar da koko ma sun sani. Fitar da ita kawai.”

Na ɗaya: abin da ka faɗa.

A watan azumin da ya wuce ka yi bayani a kan ciwon sanyi na saduwa, wanda likitoci ke kira gonoriya. Ina sharar tsakar gida na ji ka. Ka ce mace tana iya ɗauke da shi ba ta sani ba, amma namiji ba ya iya ɓoye shi. Ka ce cikin 'yan kwanaki mugunya za ta fito masa, fitsari ya zame masa kamar barkono. Ka ƙara da cewa, cikin raha, “In kana da shi, banɗaki zai faɗa maka, maƙwabta ma za su ji.”

Na yarda da alheri ka yi nufi. So kake mazan da ke fama da zafin fitsari su daina sayen kafso a kemis suna haɗiya a ɓoye, su zo asibiti. Amma ban sani ba ko ka ji abin da unguwa ta yi da maganar. Kafin ƙaramar Sallah ta zama abin wasa a wurin zaman shan shayin ataya da tashar masu yalo-yalo, wato babur mai ƙafa uku na haya. Duk wanda ya fito daga banɗakin haya sai abokansa su ce, “Ba mu ji ihu ba, ka ci jarrabawa!” A yi dariya. Ka ce mai zafin fitsari ya zo asibiti, su kuma suka ji cewa wanda ba ya jin zafi lafiyarsa ƙalau. Rabin da ba ka faɗa ba shi suka riƙe.

Na biyu: abin da ya sami Yaya.

Yaya tela ce. Mijinta yana tuƙa yalo-yalo tsakanin kasuwa da Dabokpa, kuma gidansu ba nisa, daga can ana jiyo kiran sallar masallacinmu. Da cikinta na fari ya shiga wata na bakwai aka dawo da ita gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mace a danginmu. Lafiya lau ta zo, da ƙafarta, ta ɗauko har da keken ɗinkinta.

Bayan wasu makonni zazzaɓi ya fara kama ta. Sai wuyan hannunta na dama ya kumbura, ta kasa riƙe almakashi. Kumburin ya sauka ya koma idon sawu, daga nan ya zauna a gwiwa. Wasu ƙananan ƙuraje masu baƙin kai suka fito mata a yatsu da ƙafa, ba su da yawa, ana iya ƙirga su.

Ni na raka ta asibitinku. Nas ta tambaye ta ko tana jin zafin fitsari, ta ce a'a. Ko tana ganin wani ruwa da ba ta saba gani ba, ta ce a'a. Aka ba ta maganin zazzaɓin sauro. Da muka koma aka ce mata nauyin ciki ne yake taɓa gaɓoɓi, ta riƙa jingine ƙafa a kan matashi. Ban ga laifin nas ɗin ba sosai. Layi ya yi tsawo a ranar, kuma tambayoyin da aka koya mata ta yi.

Mma, mahaifiyarmu, ta kai ta wurin mai ɗori a Gurugu, ya shafa man kaɗe ya ɗaure gwiwar. Washegari gwiwar ta yi kamar ƙwarya, ko zani ya taɓa ta sai Yaya ta cije leɓe. Ranar Baba ya ce a tafi babban asibiti. A can wata likita ta duba ƙurajen, ta daɗe tana kallonsu, ta zuƙi ruwa daga gwiwar da allura, ta kuma ɗauki wani gwajin. Da sakamako ya fito ta rufe labule ta gaya wa Yaya. Ina wurin, domin ni ke kwana da ita. Yaya ta ce, “Likita, ba ki musanya da na wata ba? Ni ban taɓa jin komai ba.” Likita ta ce ai wannan rashin jin komai ɗin yana cikin halin irin da ya kama ta.

An yi mata allurai, kumburin ya sauka. Ta haihu lafiya, 'ya mace, kuma an sa wa jaririyar magani a ido tun a ɗakin haihuwa, domin ciwon nan yana iya makantar da jariri. Alhamdu lillahi idonta garau. Wuyan hannun Yaya har yanzu yana yi mata tsami idan ta daɗe da almakashi, amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Na uku: gwajin da aka yi a bayan banɗaki.

Likita ta ce dole mijin Yaya ya zo shi ma a duba shi a ba shi magani, in ba haka ba ranar da ta koma ɗakinta ciwon zai dawo mata. Baba mutum ne da ba ya iya zagaye-zagaye. Ya sa babbar rigarsa ya tafi gidansu da kansa. Mahaifin mijin ya rasu, don haka baffansa, ƙanen mahaifinsa, shi ne babba a gidan. Shi Baba ya samu.

Baffan ya saurara har Baba ya gama. Sai ya kira ɗan nasu, ya aika aka sayo ruwan leda, piya wata, ya sa shi ya sha har cikinsa ya cika. Suka zauna suna jira, har da Baba. Da fitsari ya matsi mijin Yaya, baffan ya ɗauki wani dattijo maƙwabcinsu suka tsaya a bayan katangar banɗaki suna kasa kunne. Mijin ya shiga ya fito, ba a ji ko tari ba. Baffan ya dawo ya ce wa Baba: “Malam, ka gani da idonka. Ma'aikacin asibiti da kansa ya faɗa a lasifika, namiji ba ya ɓoye shi. Yaronmu lafiya yake. 'Yarku lafiya ta bar gidanmu, a gidanku ta kwanta. Ku bincika can.”

Yallaɓai, Baba ya dawo bai ci tuwo ba ranar. Mutumin da ya yi shekaru yana koyar da yaran unguwa karatu, aka gaya masa a fuska cewa a ƙarƙashin rufinsa 'yarsa mai ciki wata bakwai take fita. Ɗaki ɗaya muke kwana da Yaya tun ranar da ta dawo. Ban da awo, ko ƙofar gida ba ta leƙawa, saboda nauyi da zafin rana. Amma wa zai tambaye ni?

Ranar suna dangin mijin ba su zo ba, ba su aiko da rago ba. Baba ne ya yanka, shi ya raɗa wa yarinyar suna. Farin leshin da Yaya ta ɗinka wa kanta tun kafin hannunta ya kumbura, don ta sa ranar suna, yana nan a ninke cikin akwati. Mata sun zo, sun ci, sun yi barka, amma na ga yadda wasu ke kallon fuskar jaririyar suna neman kamannin wani. Mijin ya kira waya sau ɗaya. Yaya ta ce kuka yake yi. Ya ce shi bai san abin da zai yarda da shi ba, ga maganar matarsa, ga maganar baffansa, ga ta asibiti a lasifika.

Yanzu baffan ya aiko cewa idan ta yi arba'in za a zauna a yanke magana, ko su zo su ɗauke ta, ko su aiko mata da takardar saki. Laraba biyu suka rage kafin ranar.

Na huɗu: abin da na koya.

Ni ba likita ba ce, kuma ka fi ni sani nesa ba kusa ba. Abin da zan faɗa daga bakin likitar da ta duba Yaya na ji shi, sannan na kai wa malamarmu ta ilimin halittu, ta zaunar da ni bayan an tashi ta ƙara mini bayani. Idan na yi kuskure, ka gyara mini a lasifikar, zan ji.

Ƙwayar da ke kawo ciwon sanyi sunanta ɗaya, amma ba iri ɗaya ba ce duka. Kamar barkono ne a kasuwa, duk barkono ake ce masa, amma wani ka taɓa shi da harshe sai hawaye, wani kuwa sai ka zuba da yawa ba ka ji komai ba. Bambancin yana a jikin ɓawon da ya lulluɓe ƙwayar. Wani iri da zarar ya shiga sai jiki ya gane shi ya taso masa da faɗa nan take. Wannan faɗan shi ne zafin fitsari da mugunyar da ka yi bayani. Mai shi yana shan wuya, amma wuyar ce ke kai shi asibiti da wuri.

Akwai kuma wani iri da ba ya tayar da jiki sosai a inda ya shiga. Namiji yana iya ɗauke da shi ba zafi ba mugunya, yana tuƙa yalo-yalonsa yana cin abincinsa. A nan ne misalin barkono ya gaza, domin barkono mara yaji ba ya cutarwa, wannan kuwa sau da yawa shi ne mai nisan tafiya. A cikin jini akwai abubuwan da Allah ya halitta masu kashe ƙwayoyin cuta. Yawancin irin gonoriya ba sa rayuwa idan suka faɗa jini. Wannan irin yana iya jurewa, ya bi jini har gaɓoɓi da jijiyoyi da fata. Shi ya sa ake iya samun gwiwa a kumbure alhali mai ita ba ta taɓa jin zafin fitsari ba.

Ba irin ƙwayar kaɗai ke yanke yadda ciwon zai kasance ba, har da jikin da ta shiga. Likita ta ce lokacin ciki da lokacin al'ada ƙwayar ta fi samun hanyar bazuwa a jikin mace. Saboda haka miji da mata suna iya ɗauke da iri ɗaya, shi yana yawo, ita tana kwance. Tsananin ciwo ba ya nuna wanda ya fara ɗauka. Inda mutum ya kwanta ma ba ya nuna inda ya ɗauka, domin ƙwayar tana iya zama shiru na makonni ko watanni kafin ta nuna kanta.

Malamarmu ta ja mini kunne a kan wani abu kuma. Ta ce kada in haɗa zafin iri da ƙin jin magani, abu biyu ne daban. Wani iri yana da zafi amma allura ɗaya ta gama da shi, wani ba shi da hayaniya amma ya saba da kafson da ake sha barkatai. Ta ce duka biyun ba a gane su da kunne a bayan katanga.

Na biyar: abin da ban ce ba.

Ban ce mijin Yaya mutumin banza ne ba. Shi yake kai ni makaranta kyauta idan ruwa ya tare ni, kuma ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Na tambayi likita ko gwaji zai nuna wanda ya fara. Ta ce a'a, babu gwajin da ke nuna haka. Ta ce yana yiwuwa ma a gwada shi yanzu a ga babu komai, idan ya sha wani magani don wani ciwon daban, ko jikinsa ya kore ta da kansa bayan dogon lokaci, kuma duk da haka ƙa'ida ita ce a ba shi magani tunda an samu a jikin matarsa. Wannan amsar ba ta yi mini daɗi ba. Na so a ce akwai takardar da zan kai wa baffan in ce ga shi. Babu ita. Yaya ta rantse wa Baba da Mma, ni kuma na yarda da ita. Abin da ke tsakaninta da mijinta su biyu za su zauna su warware, ba ni ba, ba kai ba.

Abin da nake cewa kaɗan ne. Hujja ɗaya tak aka riƙe a kanta, ita ce shirun da aka ji a banɗaki. Wannan shirun ba hujja ba ne. Kuma da sunanka aka kafa shi.

Ban kuma ce ƙarya ka yi ba. Maza da yawa suna jin zafin da ka faɗa. Amma “da yawa” daban, “duka” daban, kuma a ratar da ke tsakaninsu auren yayata ya faɗa. Ina tunanin sauran gidaje ma. Duk namijin da abokansa suka ce ya ci jarrabawa a tashar yalo-yalo, gida yake komawa wurin matarsa.

Na shida: roƙona.

Ina roƙonka don Allah ka koma lasifikar nan ranar Laraba mai zuwa, a lokacin da ka saba, lokacin da dattawa ke fitowa daga masallaci. Baffan mijin Yaya a sahun gaba yake salla, kuma yakan tsaya wurin mai koko bayan an idar. Ka faɗa da Dagbanci, ka faɗa da Hausa, cewa ciwon nan iri-iri ne, cewa namiji yana iya ɗauke da shi bai ji komai ba, cewa wanda ya fi jin jiki ba lalle shi ya kawo ba. Kada ka ambaci gidanmu. Kada kuma ka faɗe shi kamar sabon darasi, domin za su ce wannan daban, wancan daban. Ka ce gyara kake yi wa maganarka ta watan azumi. Na san wannan yana da nauyi ga babba. Amma baffan ya riga ya gaya wa Baba cewa ba zai saurari likitar da bai taɓa gani ba, kai ya sani.

Ina roƙon ka faɗa a fili cewa idan an samu ciwon a jikin ɗaya, miji da mata duka ake yi wa magani, ko da ɗayan yana jin kansa garau. Ka kuma samar wa maza wata hanya ta zuwa wurinku ba tare da sun zauna a layin awon ciki ba. Mijin Yaya ya gaya mata ko da ya so zuwa, ba zai iya zama a kan bencin nan matan unguwa suna kallonsa ba.

Ina roƙon ka zauna da nas-nas ɗinku a kan mace mai ciki da ta zo da zazzaɓi da kumburin gaɓa mai yawo da 'yan ƙuraje. Kada amsar “a'a, ba na jin zafin fitsari” ta rufe maganar. Idan ba ku da kayan gwajin, ku tura ta inda ake da su tun zuwan farko, kafin a kai ga mai ɗori.

Idan har za ka iya, ka nemi mijin a keɓe ka yi masa magana, namiji da namiji. Ba sai na faɗi sunansa ba, nas ɗin da ke awo ranar Litinin ta san shi.

Ban nemi a hukunta kowa ba. Muryarka ta yi wa unguwar nan amfani, na shaida. Saboda kai Mma ta daina ajiye ruwa a buɗe, saboda kai aka kai 'ya'yan maƙwabtanmu rigakafi. Don mutane suna yarda da kai ne maganar nan ta yi wannan ɓarna, kuma don haka ne nake ganin kai kaɗai za ka iya ɗage ta.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare maka iyalinka, ya sa aikinka ya zama sanadin rahama gare ka. Allah ya sa 'ya'yanka mata kada su taɓa tsayawa inda yayata take tsaye yau.

Tagar ɗakinmu tana kallon dogon ƙarfen da lasifikar take. Tun ranar suna, da zarar an kunna ta Yaya take miƙa hannu ta rufe tagar, ta juya wa bango fuska da jaririyarta. Na gaya mata ranar Laraba ni zan riga ta tashi, zan buɗe, kuma zan zauna a wurin. Ba ta ce in bari ba.

Wassalam.

Taka cikin girmamawa,
Hamdiya,
ƙanwar mai jego,
Moshi Zongo, Tamale.